Komisa Siraju da Tukunyar Lungunmu

Kowane gida da irin rabon da Allah ya ba shi. Mu namu rabon shi ne ƙanena Sirajuddeen. Ni na goya shi, ni na ɗura masa kunu lokacin da Inna ta kwanta ciwo, saboda haka in na faɗi halinsa kada wani ya ce ƙiyayya ce. Zuciyarsa fara ce tas. Illarsa ɗaya, bakinsa yakan riga hankalinsa tashi daga barci.

Siraju ya yi shekaru yana sayar da tsire a bakin kotu, can unguwar Bonanjo a nan Douala. Ƙafarsa ba ta taɓa tsallake ƙofar ba, amma hayaƙin namansa ya sha shiga, kuma a ganinsa wannan ya isa. Lauyoyi su tsaya su ci, su yi ta zuba Faransanci, shi kuma yana tsintar kalmomin kamar kaza a gindin turmi. Da ciwon gwiwa ya dawo da shi unguwarmu New Bell ya zaunar, sai ya zama ba a gardamar komai a majalisa sai ya ce, "Ku yi shiru. Ni da alƙali bango ɗaya ne ya raba mu."

Wata Juma'a mai unguwa ya tashi bayan salla ya ce masu fizgar waya a kan bensikin, wato babur ɗin haya, sun yi yawa. Kowane lungu ya sa ido, in an ga abin da ba a gane ba a kira 'yan sanda. Iyakar abin da bawan Allah ya faɗa ke nan. A sa ido.

Washegari muka wayi gari da gora gicciye a bakin lungunmu, kanta ɗaya kan tsohuwar taya, ɗayan kan teburin Amadu mai shayi. Ga Siraju tsaye cikin riga mai ruwan ɗorawa irin ta masu gyaran titi, usur a wuya, igiyar shanya a kugu. Amadu ya zama mataimaki, ba don ya nema ba, sai don gorar a kan teburinsa take, kuma ba shi da inda zai kai teburin.

Siraju ya ce, "Daga yau ku kira ni Komisa, babban ɗan sanda. Kafin Babbar Salla, ɓarawo in ya ji sunan lungun nan, tun a Yassa, bakin gari, zai sauka daga mota ya koma inda ya fito. Sa'an nan manya su kira ni Bonanjo su liƙa mini lambar yabo."

Wanda ya fara faɗawa tarkonsa Liman ne, yana dawowa daga azahar.

"Allah gafarta Malam, katin shaida."

"Siraju, ni fa na ɗaura maka aure."

"A gaban doka babu sanayya."

"To ɗaga gorar nan, ko yanzu in kwance abin da na ɗaura."

Gora ta ɗagu. Ba ta gama sauka ba sai ga ɗan bensikin ɗauke da fayafayan ƙwai har sun fi kansa tsawo. Siraju ya busa usur ya ce a ɗaga, ya sāke busawa ya ce a sauke, Amadu ya rasa wanne zai bi, ya saki. Ranar duk wanda ya sha shayi ya ci wainar ƙwai da yashi.

Haka aka yi ta yi. Ya tsare mai ruwa, ya tsare ungozoma tana sauri, ya tsare matarsa Zainabu da cefane a kai har sai da ta tambaye shi ko tuwon dare ma katin zai nema. Abu ɗaya ne bai tsare ba, ɓarawo. Abin ya dame shi har ya rame. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Amadu, jami'i ba mai laifi kamar mahauci ne ba saniya."

Ana cikin haka jikata Sumayya ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji, suna ya matso.

To, a lungunmu akwai wata tukunya. Ƙatuwa ce ta dalma, babban mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa ɗaya. Iyayenmu mata ne suka haɗu suka sa aka zuba ta, tun gidajen nan duk na katako ne. Ba ta da mai ita, kuma ba ta da gida. Inda aka yi biki na ƙarshe nan take zama. Wadda hidima ta taso mata ba ta roƙo, ba ta sallama a kanta, don ba a roƙon abin da yake naka. Zuwa za ta yi ta ɗauka, ta bar ɗan gishiri a ƙunshe cikin ganye a inda tukunyar take, alamar ta tafi aikin alheri. Kowace yarinya a lungun ta san wannan kafin ta iya ɗaura zane. Maza kuwa ba su san hanyar tukunya ba, abin da ke cikinta kaɗai suka sani.

Lokacin tana gidan Siraju, tun bikin 'yarsa. Ana gobe suna, da hantsi, muka je ni da maƙwabciyata Nana Hadiza. Zainabu ta tafi dubiya unguwar Deïdo. Muka ɗauka, muka ajiye gishiri, muka fito ta hanyarmu ta bayan gidaje, kan katakon da aka shimfiɗa bisa kwata. Mu mata ta nan muke zirga-zirgarmu tun ranar da gora ta bayyana. Komisa yana gadin ƙofa, gari yana wucewa ta taga.

Da ya shigo gida shan ruwa, ya ga wurin tukunya wayam, ga ƙunshin ganye. Ya buɗe da tsinke. Ya shinshina. Ya fito da gudu har gwiwar ta manta tana ciwo.

"Amadu! Allah ya karɓi addu'a. An yi sata!"

"Innalillahi. A ina, Shef?" Haka yake kiransa, wato oga.

"A gidana. Kuma ba ƙananan ɓarayi ba ne. Dubi, sun bar alama. Manyan ƙungiyoyi haka suke yi, su bar wa hukuma saƙo."

"Shef, wannan kamar gishiri."

"Kamar! Kai da ganin farin abu sai ka ce gishiri. Kada ka gaya wa kowa, musamman mata. Su ne rediyon unguwa."

Da ya tambayi mace ɗaya, ko 'yar talla ce, da zance ya ƙare a nan. Ina! Ya hau bensikin sai komisariya, ofishin 'yan sanda, ya shigar da ƙara. Ya ce tukunyarsa ce ta gado, tun daga kakansa. Ya ce gungun mutane ne, ga alamarsu. Aka rubuta, aka karɓi ƙunshin, aka ce ya koma gida za a bincika. Shi kuwa kalmar "za a" ce ba ta yi masa ba.

Ya dawo ya fara binciken gida gida. Ya faɗa ɗakin Nana Hadiza ba ko gyaran murya, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya buɗe randa.

"Siraju, me ka ajiye a ɗakina?"

"Sirrin bincike ne."

"To ga sirrin muciya."

Ya fito yana dafe da ƙeya, ya shigo wurina. Ya tarar da mata cike da tsakar gida ana tsintar shinkafa, ana yankan albasa. Tukunyar ba ta nan, don mun ga hannunta ɗaya yana rawa, an tafi da ita wurin maƙeri. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ido a ƙanƙance.

Na ce, "Lafiya, kake kallonmu kamar akuya ta ga sabon wuri?"

"Yaya, akwai abin da ko ke ba za a gaya miki ba."

"Alhamdu lillahi. Fita, kana tare mana iska."

Wanda ya tafi da tukunyar baƙonmu ne, Salahuddeen, wan mijin Sumayya. Jiya-jiya ya iso daga Zariya saboda sunan, bai san kowa ba, ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa. Mutum mai kunya, mai sanyin murya. Ya ga ƙanensa Husaini ya tafi neman rago, ya ce ba zai zauna a yi ta hidima a kansa ba, a ba shi aiki. Muka fitar da shi ta baya, muka kwatanta masa rumfar maƙeri. Abin da ba mu tuna ba, mu ce masa ya dawo ta inda ya fita.

Bayan la'asar sai ga shi a bakin lungu, tukunya kife a kai, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu. Amadu ne ya ba ni labarin yadda aka yi.

"Tsaya! Sauke!"

Ya sauke, ya yi sallama.

"Tukunyar wa?"

"Ta Tsohuwa ce, ranka ya daɗe."

"Wace tsohuwa? Lungun nan tsofaffi sun fi yara yawa. Kati!"

"Yana cikin jakata a masauki. Nan ciki kaɗan, in ka bari in..."

"Ba kati. Daga ina ka ɗauko ta?"

"Daga wurin gyara."

"Ina za ka kai ta?"

"Ciki."

"Amadu, ka zama shaida, ya amsa da bakinsa."

Amadu ya ce, "Shef, ni a sanina ɓarawo fita yake da kaya. Wannan shigowa yake yi. Har ya gyara mata hannu."

"Sabon salo ne. Su gyara, su dawo da ita, mu saki jiki, su sāke sacewa."

Salahuddeen ya yi murmushi, yana zaton wasan baƙunta ne, ya sunkuya zai ɗauki tukunyarsa. Nan Siraju ya cika kumatu ya busa usur, ya ɗaga murya ya yi ihun da ba a yi a garin nan da wasa: "O volar! Ɓarawo!"

Ku da kuka tashi a Douala kun san abin da ke biyo bayan wannan kira. Ba a tambayar me ya sata. Kafin ka ce kwabo 'yan bensikin sun yi fakin, masu turin kaya sun saki kurarsu, wani da sanda, wani da dutse. Wani ƙato ya zare tayar da ke ƙarƙashin gorar ya fara mirgino ta. Siraju da ya ga tayar, sai ya gane wasa ya ƙare, don a lissafinsa taron zai tsaya ne ya yi masa tafi. Ya damƙi Salahuddeen, ya tura shi ɗakin da Amadu ke ajiye gawayi, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Taro ya ce a fito da shi.

Siraju ya ce, "Sai an gama yi masa tambayoyi."

Ihun ne ya fito da mu. Na zo da zanen aiki, hannuna duk albasa. Na ga tukunya a ƙasa, na ji muryar baƙona daga cikin gawayi yana karanta duk addu'ar da ya sani. Ban san lokacin da na ja tukunyar na kife ta a bakin ƙofar ɗakin na hau na zauna ba.

Na ce, "Wanda ke ciki surukina ne, ni na aike shi. Mai son taɓa shi ya fara ɗaga ni. Kai mai taya, ba kai ne ɗan Mariya mai ƙosai ba? Ni na yanke maka cibiya. Mayar da ita inda ka ɗauko, kafin in faɗa wa mutane abin da ka yi a zanena ranar sunanka."

Ya mayar. Nana Hadiza ta zagaya da muciyarta tana yi wa sauran bayani da Faransancin kasuwa, taron ya fara sanyi, aka koma kallo.

Na ce, "Siraju, buɗe."

"Yaya, magana ta fita daga hannun dangi, ta shiga hannun doka."

"Ni na ɗauki tukunyar, kai dabba."

"Kowace uwa haka take cewa don ta ceci nata. Na sha gani a kotu."

"A bakin kotu."

"Duk ɗaya ne. Na riga na kira komisariya, suna tafe."

Kafin su zo, ya tsuguna ya sa baki a tsagar ƙofa yana nasa binciken.

"Kai na ciki, ku nawa ne a ƙungiyar?"

"Wallahi ni kaɗai na zo, a jirgin ƙasa da mota."

"Me farin garin nan yake nufi?"

"Wane gari? Nan duk baƙi ne, ranka ya daɗe."

Husaini ya iso janye da rago, ya ji wansa a kulle, ya saki igiya ya yi kan Siraju. Ragon ya ga hanya, ya bi ta ƙarƙashin teburin Amadu, ya tafi da butar shayi da gora gaba ɗaya. Ana wannan kokawar motar 'yan sanda ta tsaya.

Wadda ta fito mace ce, insifekta, doguwa, 'yar Garwa, Hausarta ras. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu, Siraju ya kama zai gaisa, ta ce, "Makulli." Aka fito da Salahuddeen baƙi ƙirin, idanu kaɗai ke haske. Ta ce a sa shi a mota, a sa tukunya, a sa mai ƙara. Siraju ya gyara rigarsa ya nufi gidan gaba. Wani ɗan sanda ya juya shi ya nuna masa baya, kusa da tukunya.

Ya leƙo yana ce wa jama'a, "Tsaron kayan shaida ne. Ba kowa ake ba wa ba."

Mu kuwa muka yafa mayafai muka bi su a ƙafa. Duk macen da ta ji an tafi da tukunya sai ta sauke abin da take yi. Kafin mu isa, mun cika harabar komisariya har bakin titi. Ofishin bai ɗauke mu ba, Insifekta ta sa aka fito mata da tebur baranda.

Ta fara da Salahuddeen. Ta sa aka ba shi ruwa ya wanke fuska, ta gaya masa da Hausa abin da ake zarginsa da shi, ta ce ga ɗan'uwansa nan, a je a ɗauko masa takardunsa. Ya faɗi nasa, na faɗi nawa. Sa'an nan ta juya.

"Malam Sirajuddeen."

"Komisa Siraju, abokiyar aiki."

"Malam Sirajuddeen. Ka ga mutumin nan yana sata?"

"Na gan shi da kayan sata a ka."

"Yana gudu?"

"Yana tafiya a hankali, don ya ɓatar da sawu."

"An ce ka shiga ɗakunan mutane kana bincike. Ina takardar izini?"

"Gaggawa ce ta..."

"Ni da kakina ba na ɗaga labulen kowa sai da izini. Wa ya ba ka ikon kulle mutum?"

"Madam, ai gardabi ne. Tsarewar bincike. Na san ta sarai."

"Ka san sunanta. Tsarewar nan aikin jami'i ne, a wurin da hukuma ta sani, a gaya wa mutum dalili, a bar shi ya nemi danginsa da lauya, kuma tana da iyaka. Kai in ka kama mutum dumu-dumu yana laifi, aikinka ɗaya ne, ka miƙo shi nan take, lafiyarsa ƙalau. A wace doka ka ga ɗakin gawayi?"

Nana Hadiza ta ce, "A dokar tsire."

Harabar ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba, idona na kan rana da ke sunkuyawa, ga shinkafa a jiƙe a gida. Na ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, tunda gaskiya ta fito, a ba mu tukunyarmu. Gobe da sassafe suna."

Ta girgiza kai. "Mama, ba zan iya ba. An shigar da ƙarar sata, ta gungun mutane. Tukunyar ta zama kayan shaida. Za a ɗaura mata alama a ajiye har a gama shari'a."

Nana Hadiza ta ce, "Yaushe ke nan?"

"Akwai wani keken ɗinki a ɗakin ajiya, na same shi a nan lokacin da aka kawo ni aiki."

Wayyo, zo ka ji mata! Wata ta ce bikin 'yarta wata mai zuwa ne, wata ta ce sadakar arba'in ɗin mijinta fa. Ni kuwa ina tunanin dangin Husaini da suka taso tun daga Najeriya, an kulle musu babban wa a gawayi, gobe kuma a sallame su da ruwan shayi. Da wane ido Sumayya za ta dubi gidan mijinta?

Insifekta ta buga tebur. "Hanya ɗaya ce. In babu sata, babu kayan shaida. Mai ƙara ya ce tukunyarsa ce ta gado. Haka ne?"

Siraju ya ce, "Ta wani fanni."

"Wace ce mai tukunyar nan?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har na matar da ta tare a lungun bara. Daidai nan Zainabu ta kutso, daga Deïdo ko gida ba ta biya ba. Ta ga ƙunshin ganye a kan tebur an manna masa takarda.

"Wannan ai gishirin tukunya ne. Me ya kawo shi nan?"

Insifekta ta ce, "Mijinki ya ce alamar ƙungiyar ɓarayi ce."

Zainabu ta dubi Siraju tun daga hula har silifa. "Malam, shekara nawa kana cin miyar da na yi da irin wannan gishirin? Duk bikin da aka yi a gidanka, da me kake zaton nake ɗanɗana tuwon washegari?" Ta juya ta yi wa Insifekta bayanin al'adar tiryan-tiryan. Nana Hadiza ta dangwali kayan shaida ta lasa, ta ce nata ne, daga ƙwaryarta ta ɗebo, ta san shi.

Insifekta ta ce, "To, Malam. Ko ka tsaya kan ƙararka, tukunya ta kwana nan, waɗannan duka su zama waɗanda ake zargi, har da yayarka. Ko ka faɗa a gaban kowa cewa ba a yi sata ba, kuma ba taka ba ce."

Siraju ya dubi mata. Mata suka dube shi. 

Ya yi gyaran murya. "Bisa sabbin bayanai da bincikena ya gano..."

"Da Hausar mutane."

"Ba a sace ba."

Na baya suka ce ba su ji ba.

"Ba a sace ba! Ba tawa ba ce! Kakana ko cokali bai bari ba!"

Guɗa ta tashi, har 'yan sandan da ke gadi suka riƙe ciki. Insifekta ta tambayi Salahuddeen ko zai shigar da ƙara kan kulle shi da aka yi. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni suna na zo. Ba zan taso daga Zariya in ɗaure kakan mai jego ba. Na yafe. Sai dai don Allah a nuna mini hanyar bayan nan da kyau."

Siraju ya washe baki ya fara miƙa wa mutane hannu. "To, an sasanta. Haka manyan shari'u suke ƙarewa."

Insifekta ta ce, "Shi ya yafe nasa. Saura ƙarar ƙarya, da tara wa mutum jama'a. Wannan sai shugaban ofishin nan ya zo gobe ya duba, a nan za ka kwana. Cire ɗamara, cire usur, ajiye igiyar."

Nan fa zuciyata ta karye, don komai lalacewarsa a bayana ya yi barci. Na matsa kusa na ce, "'Yata, wawa ne, amma ba mugu ba ne."

Ta dube ni da ladabi ta ce, "Na sani, Mama. Amma tayar da aka mirgino ɗazu ba ta tambaya ko wawa ne ya yi ihun ko mugu."

 Muka ɗauki tukunyarmu, mata huɗu a hannuwa, sauran na biye ana waƙa har lungu.

Da safe aka raɗa wa yaro suna Muhammad Bashir. Ragon da aka kamo a bayan masallaci ya yi kitse, shinkafa ta yi wara-wara, baƙin Zariya suka ci har suna sassauta mazagi. Salahuddeen aka ba wa kan rago, ya ci rabi, ya ce a kai wa Komisa sauran.

Ni na kai masa da kaina da hantsi. Tun daga baranda nake jin muryarsa. Na leƙa ta ƙarfunan ƙofa, ga shi zaune a tsakiya, riƙe da wando da hannu ɗaya, wasu samari kewaye da shi yana koya musu doka: "Duk wanda ya kulle ku ba izini, ku gaya masa ya taka doka. Ni nan da kuke gani na san wani da ya yi haka."

Da ya gan ni ya taso ya matso, ya rage murya.

"Yaya, in mutane sun tambaya, ki ce binciken sirri nake yi daga ciki."

"Na ji."

"An ce da azahar za a sake ni, in na yi alkawarin ba ni ba gora." Ya buɗe kwano ya leƙa. "Naman nan bai yi kaɗan ba? Anya ba a taɓa shi a hanya ba? Wa ya riƙo kwanon?"

Na ce, "Ni ce. Shigar da ƙara, ga ofishin nan kusa."

Ya sa hannu ya fara ci.